Hattara da Masu Sayar da Jabun Endmil da Sunan Kabayid

'Yan'uwa masu aikin injin milin mai sassaƙa ƙarfe, akwai masu tallan endmil, wato bit ɗin da injin ke yanka da shi, a Facebook da WhatsApp da ke cewa kayansu kabayid ne zalla (wani haɗi mai tsananin tauri da ya fi ƙarfe jure zafi), kwali ɗauke da sunan Sandvik ko Mitsubishi, farashi kuma ƙasa da rabin na kasuwa. Sai ka tura kuɗi kafin ka ga kaya. Abin da ke zuwa HSS ne, wato ƙarfen yanka da bai kai kabayid tauri ba, da aka shafa wa launi, ko tsohon bit da aka sake wasawa, ko gindin ƙarfe da aka liƙa wa ɗan kabayid a baki. In ya karye, su ce laifin injinka ne.

Ga dalilin karyewar. Kabayid mai kaurin milimita 10 yana yankan ƙarfe mai laushi a juyi kusan 3,800 a minti. HSS mai wannan kauri bai kamata ya wuce juyi 1,000 ba. Ka ba shi gudun kabayid, bakinsa ya ƙone ya yi shuɗi, ya dakushe, ya koma gurzar ƙarfe maimakon yanka, daga nan sai ɓas.

Sikeli ba ya ƙarya. Nauyin kabayid ya kusa ninka na HSS: bit na milimita 10 mai tsawon milimita 75 yana kai giram 70 ko fiye, HSS kuwa arba'in da 'yan kai. Sa maganaɗisu a baki, sannan a gindi. Kabayid kaɗan yake kamawa, don sinadarin kobalt da ke ciki. In gindi ya cafke da ƙarfi, ƙarfe ne. Wanda aka sake wasawa, maikiromita, wato na'urar auna kauri, za ta tona shi, sai ka ga milimita 9.7 a maimakon 10.

Amma fa na gaskiya ma yana karyewa, don kabayid gautsi gare shi. Kafin ka tuhumi mai kaya, auna karkatar bit a cikin kolet, wato mariƙinsa, da agogon awo, kada ta haura milimita 0.02. Kada ka bar shi ya leƙo fiye da kaurinsa sau uku, domin in ka ninka tsawon, lanƙwasarsa na ƙaruwa sau takwas. Hura iska ta kori tsakin ƙarfe daga rami, kada bit ya sake taunarsa.

Mai sayarwar da ya ƙi a ɗora kayansa a sikeli, ko ya ƙi sayar da ƙwaya ɗaya ta gwaji, a bar masa abinsa.