Tiraifod na tafiya: wanne ya dace ka saya kafin ka hau Dutsen Shere?

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Shere da asuba a watan Disamba ya san iskar Jos ba ta jin kunyar kowa. A can na rasa tiraifod ɗina na farko, wato sitan mai ƙafa uku da ake ɗora kyamara a kai, kuma da ƙyar kyamarar ta sha. Irin mai arahar nan ne da ake haɗawa da fitilar zobe ta masu TikTok, ƙafafu kamar tsinken tsire, kai na roba. Na kafa shi, na sunkuya zan ɗauko batir a jaka, sai na ji ƙara. Gilashin kariya da ke gaban lensi ne ya tarwatse, Allah Ya taƙaita abin a nan. Araha ba ta ado.

Makon jiya ƙanwata ta kira ni daga Abuja: "Yaya, sitan ɗin kyamara nake so, wanda ba zai karya min kafaɗa ba. Wanne zan saya?" Amsar da na ba ta ce na faɗaɗa a nan.

Da farko tambayi kanka ko kana bukatarsa ma. Idan hotunanka na rana tsaka ne, biki ko kasuwa, hannunka ya ishe ka. Amfaninsa yana fitowa ne inda ake barin idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci: ruwan Assop da kake son ya fito sumul kamar auduga yana bukatar rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa 2, taurari a saman duwatsun Riyom kuwa daƙiƙa 15 zuwa 20. Babu hannun ɗan Adam da zai tsaya cik haka.

Dalilin ƙafa uku shi ne dalilin duwatsun murhu uku: ko ƙasa ba ta daidaita ba, tukunya za ta zauna. Sai dai dutsen murhu nauyinsa ne ke riƙe shi, kai kuma matafiyi rashin nauyi kake nema. Taura biyu ba ta taunuwa, dole a yi sulhu. A ganina sulhun yana tsakanin kilo 1.2 da kilo 1.6. Abin da bai kai kilo ɗaya ba, iskar Filato za ta yi wasa da shi. Abin da ya haura kilo 2 kuwa, tafiya biyu za ka yi da shi, ta uku ka bar shi a bayan ƙofa.

Muhawarar da ta fi cin lokacin masu saye ita ce alminiyom ko kabon faiba, wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake yi da zaren kabon. Bari mu auna da kamfani ɗaya. Peak Design na Amurka ya fitar da tiraifod ɗinsa na tafiya a 2019 iri biyu, siffa ɗaya: na alminiyom kilo 1.56 a kan kusan dala 350, na kabon kusan kilo 1.3 a kan kusan dala 600. Wato ƙarin dala 250 don a rage maka nauyin da bai fi rabin ledar fiya wata da kaɗan ba. Gaskiya kabon yana da wasu fa'idoji: yana saurin kashe rawar da iska ko taɓawar hannu ke haddasawa, kuma ba ya ɗaukar sanyi. Wanda ya taɓa riƙe ƙafar alminiyom da asubahin hunturu a Jos ya san yadda take cizon yatsu. Amma idan alminiyom ya bugu da dutse, lotsewa yake yi ka ci gaba da aiki. Kabon tsagewa yake yi, kuma ban ga makerin da zai ɗinke shi ba. Mai hawan dutse kowane mako, kabon ya cancanci kuɗinsa. Mai fita sau uku ko huɗu a shekara, ya sayi alminiyom ya zuba ragowar a lensi.

Yanzu lambobin jikin kwali, inda aka fi yi wa mutane rufa-ido. Za ka ga an rubuta yana ɗaukar kilo 8 ko 10. Kowane kamfani da ma'auninsa, kuma lambar tana nufin ba zai durƙushe ba ne kawai, ba ta ce hotonka zai fito garau ba. Ni dai ina auna kyamarata da lensi mafi nauyi, in nemi wanda lambarsa ta ninka hakan sau biyu ko uku.

Tsayi ma da wayo a cikinsa. Tsayin da ake tallatawa yawanci har da sandar tsakiya an zaro ta gaba ɗaya. Wancan na Peak Design, santimita 152 ne da sandar, amma kusan 130 ba tare da ita ba, kuma wannan na biyun shi ne tsayinsa na gaskiya. Da zarar ka ɗaga sandar tsakiya, ka ɗora kyamara ne a kan ƙafa ɗaya da ke tsaye bisa ƙafa uku. Wani dattijo mai ɗaukar hoto da na yi yaron shago a wurinsa, in ya ga na zaro ta sai ya ce, "Yaro, ka sayi ƙafa uku don ka tsaya da ɗaya?" In ce, "Baba, bayana ne ke ciwo." Ya ce, "To duƙa, ba a mutuwa da ruku'u."

Sai tsawonsa idan an naɗe. Ga matafiyi wannan ya fi nauyi muhimmanci. Santimita 40 zuwa 45 zai shige jakar goyo, kuma zai zauna cikin jakar hannu idan za ka tashi daga filin jirgin Heipang. Wanda ya fi haka, but ɗin mota zai shiga, kuma duk wanda ya bi hanyar Akwanga a motar haya ya san abin da buhun dankali ke yi wa maƙwabcinsa. Sai dai gajarta tana da farashi: don ya naɗe ƙarami ake yi wa ƙafa gaɓa biyar maimakon huɗu, gaɓar ƙarshe kuma ta zama siririya kamar biro. Na fi natsuwa da mai gaɓa huɗu. In kuma biyar ka samu, ka fara zaro masu kauri, ka bar siririyar sai dole.

Makullin ƙafa iri biyu ne, na murɗawa da na ɓallawa. Na ɓallawa yana da sauri, kuma da ido za ka gane a kulle yake ko a buɗe, amma yana saki da tsufa, sai an riƙa ɗaure shi da ɗan makulli. Na murɗawa ƙurar hunturu na shiga zarensa har ka ji yana ƙas-ƙas, sai dai ana kwance shi da hannu a wanke a mayar. Saboda ƙurarmu, na murɗawa nake zaɓa.

Kan tiraifod kuwa, inda kyamara ke zama, mai hoto ya ɗauki mai ƙwallo, ƙarami ne kuma juyi ɗaya ya kulle. Mai bidiyo yana bukatar mai hannu da ke juyawa a hankali, shi kuma ya fi girma. Abin da zan nanata shi ne faranti, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa a gindin kyamara. Nemi samfurin Arca-Swiss, domin kamfanoni da yawa shi suke bi. Ranar da farantinka ya ɓata, kuma zai ɓata, za ka sami madadinsa cikin sauƙi. Masu araha da yawa farantinsu nasu ne su kaɗai. Ya ɓata, tiraifod ya zama sandar shanya.

Game da sunaye: Gitzo, wanda asalinsa na Faransa ne, shi ne na masu hannu da shuni, ban kuma ga dalilin da mai koyo zai fara da shi ba. Befree na kamfanin Manfrotto na Italiya tsakatsaki ne mai kyau, na alminiyom ɗinsa kusan kilo ɗaya da rabi, yana naɗewa zuwa wajen santimita 40. Benro da Sirui na ƙasar Sin suna ba da aiki kusa da haka a kuɗi ƙasa da haka, K&F Concept kuma ya fi su sauƙin kuɗi, ya dace da ƙaramar kyamara. GorillaPod mai ƙafafu masu lanƙwasa yana da daɗin ɗauka, yana naɗe reshe ko ƙarfen gada, amma a fili tsayinsa bai kai gwiwa ba; ƙari ne, ba madadi ba.

Ko a shagunan Banex da ke Wuse 2 za ka saya, ko a kewayen Taminus a Jos, tafi da kyamararka da lensi mafi nauyi. Zaro ƙafafun duka, ɗora ta, ƙara girman hoton a allon baya, sannan ka ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa ka ga tsawon lokacin da rawar za ta ɗauka kafin ta lafa. Karkata kyamarar ƙasa kaɗan, kulle kan, saki hannu. Idan ta ci gaba da sunkuyawa da kanta, mayar musu da kayansu. Duba ko akwai ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, ta rataye jaka ce don ƙara nauyi lokacin iska. Ka bar jakar ta ɗan taɓa ƙasa, in ba haka ba lilo za ta yi ta ƙara ɓata aikin. Na hannu mai suna, in makullansa lafiya, ya fi sabo marar asali. Wanda zai yi oda ta intanet kuma ya tabbatar akwai damar mayarwa.

Ƙanwata dai na alminiyom ta ɗauka, mai gaɓa huɗu, makullin murɗawa, na kuma sa ta ƙara faranti ɗaya ta jefa a aljihun jaka. Ta ce ranar Asabar za ta gwada shi a Gurara. Na ce in ƙafafun sun shiga ruwa ta ɗauraye yashin, ta bar su a zare su bushe kafin ta naɗe.