Shagon intanet na jan ƙafa: babbar saba ko gyaran indes?

Hajiya, abin da na fahimta daga tambayarki shi ne shagonki na atamfa da leshi da ke kan WooCommerce, manhajar buɗe shago a intanet, ya fara jan ƙafa, musamman shafin odoji da wurin neman kaya. Kamfanin da ke riƙe miki shafin ya ce ki ƙara kuɗi a ba ki babbar saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, yaron da ke kula da shi kuma ya ce matsalar indes ce, wato jerin da ke nuna wa rumbun bayanai inda kowane abu yake. Kowannensu yana iya yin gaskiya, sai dai ba ciwo ɗaya suke wa magani ba.

Babbar saba RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) take ƙara miki, kuma sauyin yakan fito nan take. Amma kuɗinta duk wata ne, sau da yawa ma da dala. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: MySQL, manhajar da ke riƙe rumbun bayanan shagon, yana ajiye bayanan da ake yawan nema a wani yanki na RAM, girmansa kuma wani saiti mai suna innodb_buffer_pool_size ne ke yanke shi. In ba wanda ya taɓa wannan saitin, megabait 128 ne kacal. Wato kina iya biyan kuɗin gigabait 16, rumbun bayananki yana nan a matse inda yake.

Indes kuwa aikin kansa yake ragewa. Ki ɗauka littafin bashi ne da aka rubuta bisa kwanan wata, ke kuma sunan mutum ɗaya kike nema. Babbar saba kamar ɗauko yaro mai saurin buɗe shafi ce, indes kuma jerin sunaye ne a bangon littafin da lambar shafin kowa. A tebur mai layi miliyan ɗaya, tambayar da shagon ya aika wa rumbun, in ba ta da indes, tana iya karanta layukan duka, mai indes kuwa tsalle uku ko huɗu ya kai ta.

A nan ne nake ganin yaron naki ya fi kusa da gaskiya, saboda yadda WooCommerce ya saba ajiye odoji. Tsohon tsarinsa yana zuba su a tebura biyu, wp_posts da wp_postmeta, oda ɗaya ta haifi layuka da dama: suna, lambar waya, adireshi, kuɗi, kowanne da layinsa. Teburin wp_postmeta yana da indes a kan post_id da meta_key, ba shi da shi a kan meta_value, inda ainihin lambar wayar take. Shi ya sa neman kwastoma da lambarsa yake cinye lokaci. Daga sigar 8.2 ta Oktoba 2023, sababbin shaguna suna zuwa da sabon tsarin ajiye odoji mai suna HPOS, wanda ya ba odoji teburansu da indes ɗinsu. Tsohon shago sai an mayar da shi da hannu, bayan an tabbatar fulogin (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa shago) na karɓar kuɗi da sauransu sun dace da shi.

Kada dai yaron ya ɗauka indes kyauta ne, ya bi kowane ginshiƙi na tebur yana liƙawa. Duk odar da ta shigo sai an sabunta kowane indes, yawansu na rage saurin rubutu. Jerin ginshiƙai ma yana da doka: indes ɗin da ya fara da matsayin oda sannan kwanan wata zai taimaki mai neman odojin da aka biya a makon nan, amma mai neman kwanan wata kaɗai ba lallai ya amfana ba. Neman kaya da LIKE '%leshi%' kuwa indes na yau da kullum ba ya yi masa komai, sai irin FULLTEXT, indes na neman kalmomi a cikin rubutu.

To ta yaya za a san inda za a sa? A sa ido tukuna. A kunna slow_query_log, rajistar tambayoyi masu jan ƙafa, a sauko da long_query_time, iyakar lokacin da tambaya za ta wuce kafin a rubuta ta, daga daƙiƙa 10 da yake zuwa da ita zuwa 1, don kwastoma ba ya jiran 10. A bar shi ya kama ranakun da ciniki ya fi yawa, sannan a tace rajistar da manhajar pt-query-digest ta kamfanin Percona. A duba jimillar lokaci, domin ƙaramar tambayar da ake maimaitawa dubbai ta fi babba mai zuwa sau ɗaya a rana ɓarna. Wadda ta fito a sama, a sa mata EXPLAIN a gaba, umarnin da ke nuna yadda MySQL zai nemo amsarta. In an ga ALL a ƙarƙashin type, key kuma NULL, an kama mai laifi. In kuwa a kan sabar haɗaka kike, wadda ake rabawa da wasu shafuka, ba a ba ki damar ganin wannan rajistar, fulogin Query Monitor zai nuna tambayoyin kowane shafi da fulogin ɗin da ya turo su.

Idan tambayoyin duk suna bin indes, an ɗaga saitin RAM, amma har yanzu sabar tana shaƙewa lokacin cunkoso, to kamfanin ne da gaskiya, ki biya. Kafin nan a ɗauki kwafin rumbun, a gwada gyaran a kansa, kuma kada a taɓa shagon ana saura mako guda Sallah. Ki ce wa yaron ya turo mana sakamakon EXPLAIN ɗin a nan, ya goge lambobin wayar kwastomomi kafin ya turo.