Kafin ka sayi kwamfutocin nan, Yaya

Yaya Barista, salamu alaikum. Ina gaida Hajiya da mutanen gida baki ɗaya, da fatan Gusau lafiya lau.

Saƙonka ya same ni, kana son zuba kwamfutoci biyar a ofis saboda ka ji haka lauyoyin Ingila ke yi. Shekara uku ke nan ina kula da fayil-fayil a wani ƙaramin ofishin lauyoyi a gabashin Landan, a saman shagon mai sayar da kayan miya, don haka bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Lauyoyi uku ne, sai ni. Babu magatakarda, babu masinja, babu mai buga takarda. Da farko na ɗauka tsabar son na'ura ne, sai daga baya na gane tsadar hannu ce. A Afrilun 2025 mafi ƙarancin ladan ma'aikaci mai shekara 21 zuwa sama a nan ya koma fam 12.21 a awa ɗaya. Mu kuwa naira 70,000 ce a wata guda. Shi ya sa duk aikin da manhaja za ta iya, ba sa ɗaukar mutum a kai. A gida kuwa hannu ne mai araha, wuta da man janareta su ne masu cin kuɗi. In ka kwaso tsarinsu yadda yake, ka sallami yaranka biyu, ka koma bautar janareta, ka yi asara biyu.

Kuma da yawansu ba don ransu ya so suka canza ba. Hukumar haraji ce ta matsa: tun 2019 ta fara tilasta masu biyan harajin VAT su riƙa ajiye lissafi a kwamfuta suna turawa ta intanet, a 2022 ta haɗa har da ƙananansu. Mu ma ai haka ta faru. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ne ya koya wa mai shayi da mai nama karɓar taransifa, ba wa'azin banki ba. A wannan fannin ban ga abin da suka fi mu ba, sai dai nasu katin ɗorawa kawai ake yi, babu jiran alat.

Inda suka yi mana nisa shi ne adana takarda. Duk wasiƙar da ta shigo, kafin ta kwana na wuce da ita ta na'urar sikan, na sa mata lambar shari'a da kwanan wata. Babban lauyanmu dattijo ne, har gobe sai na buga masa takarda ya bi ta da jan biro yana gyara tabarau. Amma ran da wata mata ta zo neman yarjejeniyar hayar da aka rubuta mata shekara bakwai baya, kafin ta gama cire rigar sanyi ya fito da ita a allo. Wallahi Yaya, sai na tuna kabad ɗin nan na bayan teburinka, da daminar da rufi ya yi yoyo muka shanya takardun gadon mutane a tabarma, gara kuma ta riga ta cinye gefen wasu. Har yau abin yana damuna, don hakkin marayu ne a ciki.

Maganar fili ma haka. Da fam 7 nake sauko da takardar mallakar gida daga hukumar rajistar filaye, ina zaune. Wannan kam aikin gwamnati ne, ba naka ba, sai addu'a.

Ka tambayi batun ChatGPT, manhajar nan da ake yi wa tambaya ta amsa a rubuce. Suna amfani da irinsa wajen taƙaita dogon rubutu, amma da taka-tsantsan. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun kawo hukunce-hukuncen da na'urar ta ƙirƙiro, babu su a duniya. A 2025 Babbar Kotu a nan Landan ma ta ja kunnen lauyoyi a kan haka. Dokar ofishinmu ita ce, hukuncin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba, ba ya shiga takarda, sirrin wanda kake karewa kuma ba a zuba shi a ciki. Ka gaya wa yaranka wannan tun yanzu.

Shawarata, laftof biyu sun isa, da na'urar sikan mai kyau guda, sauran kuɗin ka sa sola da batir. Kuma kada ka dogara da intanet kaɗai kamar su. Su ba su san abin da muka gani a Satumbar 2021 ba, da aka rufe layukan waya a Zamfara makonni. Ka ajiye kwafi a faifan ajiya biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gida, a riƙa sabuntawa duk Alhamis.

A fara da fayilolin gado da na filaye. Na'urar sikan ɗin ni zan saya, zan ba wani abokina da zai zo gida bayan Sallah ya kawo maka.