Sharhi: Tsofaffin kuɗi uku da na saya a gidan roba, da abin da lambar jikinsu ba ta gaya mini ba

Bayan rasuwar Kaka a gidanmu na Tudun Wada, cikin kayan da aka jawo daga ƙarƙashin gadonta akwai wani gwangwanin madara cike da tsofaffin kuɗi. Anini, ɗari, kwabo mai huda, taron nan mai kusurwa goma sha biyu na 1959, sisi, sule huɗu masu hoton bishiyar kwakwa, da liyari biyu. Da aka gama rabon gado 'yan'uwa suka ce in riƙe gwangwanin, tunda ni ne mai son tarihi. A daren nan na samu toka da lemun tsami na dirje mafi yawansu har suka yi fes, ina ganin gata na yi musu.

Daga nan sha'awar ta kama ni, har ta kai ni ga sayen kuɗin da aka tantance. Ga wanda bai taɓa gani ba: akwai kamfanoni a Amurka, fitattunsu PCGS da aka kafa a 1986 da NGC da ta biyo baya a 1987, waɗanda ake aika musu tsohon kuɗi su duba ko na gaske ne, su ba shi maki, sannan su rufe shi a cikin wani ɗan gidan roba mai tauri da aka like, da takarda a sama mai ɗauke da ƙasa, shekara, maki da lambar shaida. Makin daga 1 ne zuwa 70, tsarin da ya samo asali daga wani Ba'amurke, William Sheldon, a 1949. Daga 60 zuwa 70 ana rubuta MS, ma'ana kuɗin bai taɓa yawo a hannun jama'a ba. Daga 50 zuwa 58 ana rubuta AU, wato ya ɗan taɓa hannu kaɗan. Ƙasa da nan kuma gogewa na ƙaruwa har a kai inda rubutu ya kusa shafewa. Cikin shekara biyu na sayi guda uku, kuma a kansu zan yi magana.

Na farko kwabo ne na 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, maki MS 64. Labarinsa ne ya ja ni. Sarkin ya hau gadon sarautar Ingila a watan Janairu na 1936 ya sauka a Disamba, kafin kuɗi mai hotonsa ya shiga hannun mutane a can. Amma kwabonmu na Afirka ta Yamma huda ce a tsakiyarsa, ba ya buƙatar hoto, suna kawai ake rubutawa, don haka aka buga shi da sunansa. Na ɗauka abin da ba a samu ne. Ƙanin matata ya taho mini da shi daga Ingila, na biya kuɗin da ya isa cefanen gida na kwanaki. Kwabon kansa ba shi da laifi: tauraron nan mai tsini shida ya fito raɗau, rubutun Larabcin da ke jiki kamar jiya aka buga. Sai daga baya na gane cewa an buga irinsa da yawan gaske, kuma mutane sun ɓoye su sababbi saboda labarin sarkin. Takardar ta gaya mini lafiyar kwabon, kuma gaskiya ta faɗa. Ba ta gaya mini ko nawa ne irinsa a duniya ba, don ba aikinta ba ne. Kamfanonin biyu duk suna da shafi da ke nuna yawan kowane kuɗi da suka tantance a kowane maki. Da na duba shi minti biyar kafin in biya, da na rage tayi.

Na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Sule ne na azurfa na 1913, shekarar farko da aka fitar da sulen Afirka ta Yamma, shekara ɗaya bayan kafa hukumar kuɗin yankin a 1912. Azurfar ba ta daɗe ba, a 1920 aka koma tagulla, shi ya sa na ƙwallafa rai a kansa. Wani mai sayarwa a intanet ya ce mini AU ne, hoton da ya turo kuma daga nesa, takardar ba ta karantuwa sosai. Cinikin biri a sama na yi. Da ya iso sai na ga babu lamba bayan AU ɗin, an rubuta Details, a ƙasa kuma Cleaned. Ma'anarsa kuɗin na gaske ne, gogewarsa kaɗan ce, amma wani ya taɓa wanke shi, don haka sun ƙi ba shi cikakken maki. A wajen masu tara kuɗi wannan kalmar na karya farashi sosai. Kamfanin bai ɓoye komai ba, ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro. Mai sayarwar ne ya faɗi rabi ya haɗiye rabi, ni kuma ban san abin da zan tambaya ba.

A makon ne na sayi ɗan gilashin nan mai ƙara girma sau goma, irin wanda masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Na kashe fitilar ɗaki, na kunna tocila ɗaya, na karkata sulen. Sai ga su: siraran layuka jere da juna a filin da ke gaban fuskar Sarki George na biyar, duk sun nufi gefe guda, kamar sawun tsintsiya a tsakar gida. Na tashi na ɗauko sulallan Kaka da na dirje da toka. Layukan nan ne dai, har sun fi muni. Na daɗe zaune a wurin. Matar nan ta ajiye su shekaru masu yawa ba ta taɓa su ba, ni na lalata fatarsu a dare ɗaya, kuma babu abin da ke mayar da ita. Kada ka wanke tsohon kuɗi. Ba toka, ba tsamiya, ba man goge ƙarfe, ko ƙyalle kada ka sa. Duhun da ke jikinsa ba datti ba ne, shekarunsa ne.

Wanda ya buɗe mini ido ba mai tara kuɗi ba ne. Wani dattijo ne maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin reluwe da ya karɓi albashi da fam da sule kafin naira ta zo a ranar 1 ga Janairu 1973. Na kai masa kwabo ashirin da na tattaro, wasu daga gwangwanin, wasu daga masu tsofaffin ƙarafa a Panteka. Na ce, "Baba, ko za ka duba mini waɗannan?" Ya ce, "Kawo su bakin ƙofa, ɗana, a nan haske yake." Bai san MS ba, bai san AU ba. Ya baje su a kan tabarma ya jera su daga wanda ya fi sabunta zuwa wanda ya fi shan hannu, yana cewa, "Wannan daga banki ya shiga asusu. Wannan kuwa ya sha kasuwa, dubi kambin, duk ya kwanta." Ya nuna mini cewa kuɗi ba ya gogewa bai ɗaya. Inda ya fi tudu nan hannu ke fara ci: a kwabo, kambin da layukan tauraro, a sule, gemun sarki da ɗaurin kambinsa, da ganyen kwakwar ta baya. Ya ce sabon sule in ka juya shi a rana, hasken yawo yake yi a jikinsa kamar hannun agogo, wanda aka goge kuwa ƙyallinsa a tsaye yake kamar na cokali. Daga baya na ga wannan sheƙin mai zagayawa shi ne ainihin abin da masu tantancewa ke nema kafin su rubuta MS.

Wata shida ban sayi komai mai tsada ba. Abin da na riƙa yi shi ne in buɗe hoton kuɗin da aka tantance a waya, in rufe takardar da yatsa, in faɗi makin da nake zato, sannan in ɗaga yatsa. Da farko nakan kauce da nisa. A hankali na fara kusantowa. Na kuma koyi neman ɗan ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga kuɗin, H ko KN, masana'antu biyu na Birmingham, don wani lokaci bambancin farashi a nan yake.

Na uku fataka ce ta azurfa, wato sule biyu. Guda biyu aka nuna mini, ɗaya MS 61, ɗaya AU 58. A takarda ta farko ce a gaba, kuma ta fi tsada. Na nemi hotuna na kusa, gaba da baya, na shigar da lambar shaidar kowace a shafin kamfanin don in tabbatar hoton da ke can shi ne kuɗin da ke hannun mai sayarwa, saboda har gidan robar ma akwai na jabu. Mai MS 61 gaskiya ba ta shiga kasuwa ba, amma fuskarta cike take da tabon karo da 'yan'uwanta a cikin jaka. Mai AU 58 ɗan goguwa kawai gare ta a saman gemu, filinta sumul, launinta ruwan toka mai laushi. Ita na ɗauka, da kuɗi ƙasa da na ɗayar, kuma cikin ukun ita ce nake yawan fitarwa ina kallo.

To, gidan roba ya cancanci kuɗinsa? A ganina e, a wurare uku: in kuɗin mai tsada ne kuma ana yin jabunsa, in ba za ka riƙe shi a hannu kafin ka biya ba, da kuma adana. Duk wanda ya san laimar daminar Kaduna da ƙurar hunturu ya san abin da suke yi wa ƙarfe, kuma ledar nan mai laushi da wasu ke zuba kuɗi a ciki tana barin wani kore-kore mai cin jikinsa. Ukun nan nawa ba su canza ba ko kaɗan, duk da haka a busasshen wuri nake ajiye su. Amma kuɗin da ke ko'ina, kamar kobon 1973 mai hoton rijiyar mai ko liyarin Kaka, aika shi waje a tantance asara ce. Liyari duk 1780 ne a jikinsa, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar fiye da ƙarni biyu. Sikeli ya nuna giram 28, maganaɗisu bai kama shi ba, maƙerin fari ya duba ya ce azurfa ce, wannan ya ishe ni.

Yanzu aninin 1907 nake nema, na alminiyam, wanda aka daina bugawa a 1908 aka koma wani ƙarfen saboda yana saurin ruɓewa a yanayinmu. Sau biyu aka kawo mini tayinsa a gidan roba, da maki mai kyau. Duk biyun na ga fararen ɗigo-ɗigo a gefen hudar, na ce a bar shi tukuna. A ƙasan gwangwanin Kaka kuwa akwai kwabo biyu da sisi ɗaya da hannuna bai kai gare su ba a daren toka. Na naɗe kowanne a farar takarda, suna nan da duhunsu yadda ta bar su.