Mai shirya biki ta waya da muka ɗauka a auren ƙanwata

Tun da aka watse daga bikin ƙanwata ake ta tambayata wai wa ta haɗa mana katin bidiyon nan, kuma ya aka yi muka raba anko ba a ji kanmu ba. To ga amsa. A Instagram na ganta, tana da ɗan shago ta wajen Zoo Road, sunanta kuma zan sakaya shi don akwai ƙorafi a gaba, ba na so a ce ni na kashe mata kasuwa.

Wajen anko dai wallahi ta burge ni. Duk wadda ta riƙe kuɗin anko a farkon 2023 lokacin da aka canja fasalin naira kuɗi suka yi wuya ta san me nake nufi, ni na riƙe na bikin yayarmu, wannan ta ce ta tura bai shigo ba, waccan ta ce ta ba Umma a hannu, Umma ta ce ba ta tuna ba, ƙarshe daga aljihuna na cike gibin. Ita kuwa mai shirya bikin guruf ta buɗe a WhatsApp ta kulle shi, daga ita sai ni ke iya rubutu, saboda haka babu masu turo tallan turaren wuta da gaisuwar Juma'a su binne sanarwa. Ta saka fom, kowa ta rubuta sunanta da abin da take so, atamfa ko leshi, asusu ɗaya kacal, kuma ba ta yarda da hoton rasit sai ta ga kuɗi sun zauna. Wata ƙawar amarya har fushi ta yi kan haka, ni kuwa a raina na ce madalla.

Ita ce ma ta tuna mana maganar gwajin lafiya kafin aure, tunda tun 2024 ya zama doka a Kano, har da na sikila da ciwon hanta, muka sa amarya da ango suka je da wuri ba a bari sai ana gobe ɗaurin aure ba.

Kuskurena ɗaya, na yarda muka zaɓi atamfa ta kiran bidiyo tana Kantin Kwari ina kwance a ɗaki. A waya ruwan goro na gani mai kyau, da aka kawo dilar aka kwance sai ga wani ja kamar manja. Amarya ta yi kuka ranar. Ku taka ku je Kwari da ƙafarku dan Allah, ku fito da ita rana ku gani.

Lokeshin da ta tura ya kai 'yan Kaduna da Zariya har ƙofar wajen dina, amma gidanmu na cikin gari da yake lungu ne sai da muka tsayar da yaro a bakin titi yana ɗebo baƙi.

Inda raina ya ɓaci biyu ne. Ta ce ba sai an buga kati ba, ɓarnar kuɗi ce, na biye mata. Sai ga Gwaggo ta aiko wai ita a bakin jikarta ta ji za a yi biki, yaushe ta zama wadda ake gayyata a waya? Dole ni da Umma muka ɗauki goro da alawa muka tafi Gwammaja, muka zauna a tabarma muna ba da haƙuri, ta fi minti goma tana jan carbi ba ta ko kalle mu ba kafin ta ce Allah ya sanya alheri.

Na biyun ya fi ciwo. Bidiyon kamu, amarya da ƙawayenta ana rawa mayafi ya zame, mai shirya bikin ta ɗora a shafinta tana talla ba ta tambayi kowa ba, tun ba a kai amarya ba dangin ango suka gani. Sai da na kira sau uku ta cire, wai ai kowa haka yake yi.

In za ku ɗauke ta don anko da lissafi ku ɗauka, a nan ba ni da ta cewa. Amma maganar hoto ku rubuta ta a saƙo tun kafin ku biya kafin alƙalami. Ni har yau ragowar hotunan walima nake jira, jiya ma na sake yi mata magana ta ce kwamfutarta na wajen gyara.