Jinyar dabba a gida ko bin masu allurar rigakafi?

Mai son taimakon dabbobi kyauta a Maradi yana da hanya biyu.

Ta farko, ka ɗauko dabbar da aka yasar, ko jakin amalanke da igiya ta ci wa wuya, ko kyanwa mai rauni, ka yi jinyarta a gidanka. Ladan a bayyane yake, kana ganin gyambo yana warkewa. Sai dai nauyin duk a kanka yake: dusa da harawa suna tsada da rani, ga kuɗin magani, ga ƙorafin maƙwabta idan kare ne. Dabba ɗaya ko biyu za ka iya.

Ta biyu, ka bi ma'aikatan kiwo lokacin rigakafi, kana riƙe awaki, kana lallashin masu karnuka su kawo su. Akwai rana da ƙura, ba kuma mai gode maka. Amma ni nan na fi karkata. Haukan kare kusan kullum kisa yake da zarar alamu sun bayyana, kuma yara yake yawan samu. Idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan gari allura, yaɗuwar cutar tana katsewa.