Ruwan sama a wasan fiksel: zanen tayil ko fatikul?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa wasan da ke gudana a lungunan Kano cikin damina, kuma kana tambaya ko ka zana ruwan da hannu a Aseprite, manhajar zanen fiksel, ko ka bar Godot, injin haɗa wasa, ya watsa shi da fatikul, wato ƙananan hotuna da injin ke fitarwa yana motsa su da kansa. Kowanne yana aiki, sai dai ba wuri ɗaya suke ba da matsala ba.

Zanen tayil shi ne ka zana ƙaramin fili na ɗigo, ka maimaita shi ya rufe allon duka. Duk sirrinsa lissafi ne. A ce tayil ɗinka faɗi fiksel 32 ne, tsawo 64, firam 8, wato hotuna takwas da ke bin juna su ba da motsi. Kowane ɗigo ya sauko fiksel 8 a kowane firam, ya gusa gefe fiksel 4. Takwas sau takwas 64, takwas sau huɗu 32, wato ɗigon ya dawo daidai inda ya faro. Idan lissafin bai cika ba, za ka ga ruwan yana tsalle duk lokacin da zagaye ya ƙare. Kunna Tiled Mode a Aseprite, domin ɗigon da ya fita ta ƙasa ya shigo ta sama. Kowane firam ya ɗauki milisakan 50 zuwa 70. Ɗigo kuma ya zama siririn layi mai kaurin fiksel 1, tsawo 5 zuwa 7, kusa da tazarar da yake saukowa, ta haka ido ke haɗa firam da firam.

Abin da ya fi ɓata tayil shi ne jera ɗigo a tazara iri ɗaya. Idan tsakanin ɗigo da ɗigo fiksel 12 ne, kai kuma kana gusar da su 8, ido zai ɗauka sun hau sama da fiksel 4, sai ruwa ya riƙa komawa sama. Ka warwatsa su, kuma ɗigo shida zuwa goma sun isa tayil guda. Matsala ta biyu, a allo mai faɗin 320 tayil ɗin nan zai maimaitu sau goma, kuma ɗan wasa zai gane. Maganinta leya biyu, wato shimfiɗar ruwa biyu ɗaya a kan ɗaya: ta baya gajerun ɗigo masu duhu, ta gaba dogaye masu haske da sauri, kowacce da girman tayil nata.

Fatikul ba ya maimaita kansa, kuma kana iya canza shi ana cikin wasa: yayyafi ya zama ruwa kamar da bakin ƙwarya, ko iska ta kwantar da shi. Ga wasan Kano wannan ba ƙaramin abu ba ne, tunda hadarinmu kan taso daga gabas da iska da ƙura kafin ruwan ya sauka. A Godot, sa Emission Shape, wato siffar wurin da ɗigo ke fitowa, ya zama Rectangle a saman allo, ya fi allon faɗi don kusurwa kada ta zama fayau. Mayar da Gravity sifili ka ba shi gudu tsayayye, saboda ruwan gaske ya gama ƙara sauri tun kafin ya iso ƙasa. Gudun manyan ɗigo kan tsaya a wajen mita 9 cikin sakan. Sa Preprocess domin a tarar ruwa na zuba tun buɗe fage, ka kashe Local Coords don kada ruwan ya bi kyamara.

Inda fatikul ke tona asiri shi ne fiksel. In injin ya juya hoton ɗigo, ko ya zana shi a girman allon waya maimakon girman wasan, misali 320 sau 180, ruwan zai fi sauran zanen laushi, ya fito kamar baƙo. Zana ɗigon a karkace tun farko, kada ka bar injin ya juya shi. A saitin Godot, Filter ya zama Nearest, Stretch Mode kuma viewport, domin fiksel su fito da kaifi.

A kan nauyin da ake ɗora wa waya, tayil ne ke da nasara. Yawancin masu buga wasanka ƙananan Tecno da itel ke hannunsu, kuma fatikul dubbai na iya sa waya ta yi zafi. In dole ne, fara da CPUParticles2D, ɗaya daga cikin nau'o'in fatikul na Godot, da ɗigo 150 zuwa 200, ka gwada a waya, ba a kwamfuta kaɗai ba.

A ganina, jikin ruwan ka bar wa tayil, fatikul kuma ka ba shi fantsama, domin inda ruwa ya faɗi nan ake yarda da shi. Fantsama firam uku ce: ɗigo ɗaya, sai fiksel biyu ko uku su tashi gefe da gefe, sai su ɓace. Watsa ta a kan kwanon rufi, kan rumfar adaidaita sahu da kan katanga. A kududdufi kuwa zobe ne mai buɗewa. Indararo ba ya son fatikul. Zana masa zubar ruwa firam huɗu da hannu. Launin ƙasa ma ya yi duhu kaɗan, jar ƙasa da ta jiƙe ba ta zama da launin rani. Walƙiya kuma kada ta wuce sau uku cikin sakan guda, saboda masu farfaɗiya.